Tambaya a kan gina 'yar akuya ta ulu bisa ƙwarangwal na waya

Mai koyon sana'a ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyon aikin cakar ulu, wato wanda ake ɗaukar gashin tumaki da ba a kaɗa ba a yi ta cakarsa da allura mai ƙananan haƙora har ya cure ya ɗauki siffar da ake so. Abubuwa masu dunƙulallen jiki, irin su ƙwallo da lemo da ɗan tsuntsun da ke zaune, sun fara yi mini sauƙi. Yanzu burina shi ne in yi jar akuyar Sakkwato, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira akuyar Maraɗi, mai tsayin kusan santimita 10 daga kofato zuwa kafaɗa, kuma ina so ta tsaya da ƙafafunta huɗu ba tare da an jingina ta da komai ba.

Da yake ƙafafun akuya sirara ne, na gane cewa ulu kaɗai ba zai ɗauki nauyin jikin ba, don haka na lanƙwasa waya na yi mata ƙwarangwal. A nan ne aikin ya tsaya mini. Ulun yana zamewa a kan wayar, ina cakar wannan gefe yana juyawa zuwa wancan. Allurai suna ta karyewa da zarar na matso kusa da ƙafa, alhali ba a samun su a kasuwarmu sai an yi odarsu daga nesa. Bakin wayar kuma yana huda ulun ya leƙo ta wajen kofato. Idan na ƙara ulu domin in rufe shi, sai ƙafar ta yi kauri ta daina kama da ta akuya.

Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan aiki su yi mini bayanin irin wayar da ta dace da dabba mai wannan girma, da yadda ake sa ulu ya kama ta, da kuma allurar da ake amfani da ita a wurare masu siranta. Allah Ya saka da alheri.

Malama mai koyar da aikin hannu ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Matsalolin nan uku da kika lissafa tushensu ɗaya ne: kina neman allura ta yi aikin da hannu ya kamata ya gama tun kafin a ɗauke ta. A jikin dabba, inda ulu ke da kauri, allura ce ke gina siffa. A ƙafa kuwa naɗi ne ke gina ta, allura sai dai ta zo daga baya ta kwantar da abin da ya tashi.

Bari in fara da waya. Ga dabba mai tsayin santimita 10, wayar alminiyam mai kaurin milimita 1 ta isa, amma a ninka ta biyu a murɗe. Murɗin yana da amfani biyu, domin yana ƙara ƙarfi, sannan yana samar da ƙananan ramuka da gashin ulu zai maƙale a ciki, abin da waya guda mai santsi ba ta da shi. Ki yanko doguwa ɗaya wadda za ta tashi daga hanci ta bi wuya da gadon baya ta ƙare a wutsiya. Ki yanko wasu biyu, kowacce ki ɗora tsakiyarta a kan ta gadon bayan, ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, ki murɗa ta a wurin sosai yadda ba za ta yi ta kai da komo ba, sannan ki sauko da bakunanta biyu su zama ƙafafu. Idan mahaɗar kafaɗa ko ta ƙugu tana motsi tun a wannan mataki, babu yawan ulun da zai gyara ta daga baya, kuma akuyar za ta riƙa buɗe ƙafafu tana durƙushewa. A ƙarshen kowace ƙafa ki sa filaya ki lanƙwaso bakin wayar ya koma sama ya kwanta a jikin 'yar'uwarsa, ki matse. Haka za ki yi a hanci da wutsiya. Bakin da aka mayar baya ba ya huda ulu, kuma ɗan kaurin da lanƙwasar ta bari shi ne zai zama kofato.

Kafin ki taɓa ulu, ki samo hoton akuya da aka ɗauka daga gefe, ko ki zana ta a takarda daidai girman da kike so, ki kwantar da ƙwarangwal ɗin a kai. Wayar tana bin tsakiyar gaɓa ne, saboda haka ta gadon baya za ta kasance ƙasa kaɗan da layin bayan da ke cikin zanen, ta hanci kuma ta gaza kaiwa ƙarshen baki da 'yan milimitoci, domin ulu zai hau kansu. Ki lura da ƙafar baya sosai, don a nan mafi yawan masu koyo ke ɓata siffa: cinya tana gangarowa gaba, sai ƙafar ta karyo baya zuwa wannan gaɓa mai tsini da ke kallon wutsiya, daga nan ta sauka a miƙe zuwa kofato. Ƙafar gaba kusan a miƙe take idan dabbar na tsaye. Ki yi waɗannan lanƙwasa yanzu, ki tsayar da ƙwarangwal ɗin tsirara a kan tebur. Idan bai tsaya da kansa ba, kada ki wuce wannan mataki. Sai dai ki guji yawan lanƙwasawa da miƙewa a wuri guda, domin alminiyam yana ƙara tauri duk lokacin da aka tanƙwara shi, har ya kai ga tsinkewa.

Sai naɗi, wanda shi ne zuciyar aikin. Ki goga kakin zuma a jikin wayar ƙafa har ki ji tana ɗan kama yatsa. Ki zaro ulu siriri ƙwarai, faɗinsa bai wuce rabin santimita ba, kuma mai shara-shara har kina iya hango yatsanki ta cikinsa. Ki fara daga saman ƙafa ki sauko, kina riƙe da ulun a shimfiɗe, kina ja da ƙarfi gwargwadon yadda ba zai tsinke ba, kowane zagaye yana hawa rabin wanda ya gabace shi kamar yadda ake naɗa bandeji. Kada ki bar shi ya murɗe ya zama zare, domin murɗaɗɗen ulu yana barin layi-layi da ba sa ɓacewa. In kin kai kofato ki zagaye lanƙwasar ki rufe ta, sannan ki sake hawowa sama ta ɓangaren da kike zagayawa tun farko, ki ƙare a cinya ko kafaɗa inda akwai wurin da za a cusa bakin ulun. Daga nan ki sa ƙafar tsakanin tafukanki ki murza ta ta wannan ɓangare dai. Ƙafar da aka naɗa da kyau tana da tauri tun kafin allura ta taɓa ta, kuma daga gwiwa zuwa ƙasa sau da yawa naɗi biyu sun wadatar. Inda ake son kauri, kamar cinya, a ƙara siraran naɗi ɗaya bisa ɗaya. Naɗi guda mai kauri shi ne ke juyawa a kan waya kamar yadda kika bayyana.

Game da karyewar allura, ya kamata ki san cewa ba don wannan sana'a aka ƙera ta ba tun asali. Allurar injinan masaƙu ce, inda dubbai suke hawa da sauka a miƙe suna cure zaruruwa su zama shimfiɗa, kuma sai a shekarun 1980 aka fara ɗaukar ta ɗaya-ɗaya ana sassaƙa siffofi da hannu a Amurka, abin da ake jingina farkonsa ga David da Eleanor Stanwood. Ƙarfenta mai tauri ne amma ba ya jure lanƙwasa ko kaɗan. Saboda haka ta kusurwar da ta shiga, ta nan za ta fito. A ƙafa kada ki nufi tsakiya inda wayar take. Ki kwantar da allurar ta bi gefen wayar, kusan a layi ɗaya da ƙafar, kina caka a hankali ba tare da zurfi ba. Idan kin ji bakinta ya taɓa ƙarfe ki janye ta a miƙe, kada ki karkata ta domin neman hanya. Lambar allura kuwa, gwargwadon girman lambar gwargwadon sirantar allurar: 36 ta gina ciki da ƙirji, 38 ta yawancin aiki, 40 ta ƙafafu da fuska da gyaran sama.

Wani mai harkar zare da ulu ya ƙara da cewa:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, kuma ba ni da abin da zan ƙara a kan waya. Amma Hajiya, ba ki faɗi irin ulun da ke hannunki ba, kuma ina zargin cewa wani ɓangare na zamewar daga nan yake.

Abin da ke sa gashin tumaki ya cure shi ne ƙananan ɓawo da ke jere a jikin kowane sili, waɗanda ido ba ya gani. Haƙoran allura suna tura silin cikin 'yan'uwansa, ɓawon nan kuma ya hana shi komawa. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan ulu a kasuwanninmu, wanda ake saƙa hular sanyi da rigar jarirai da shi, na roba ne da ake kira akirilik, kuma ba shi da wannan ɓawo. Ana iya warware shi a taje a caka, zai ɗan haɗu, amma ba zai yi taurin na gaske ba, kuma a kan waya santsinsa ya fi yawa. Gwajin yana da sauƙi: ki kusantar da ɗan guntu ga ashana. Na tumaki yana warin ƙonannen gashi, ya bar baƙin toka da ke murƙushewa a yatsa. Na roba yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri.

Dalilin da ya sa sai an nemo na gaske daga waje shi ne tumakinmu, wato Uda da Balami da 'Yankasa, masu gashi ne gajere mai kauri irin wanda ba ya curewa. A yankinmu, tumaki masu ulu da aka sani su ne na Masina a ƙasar Mali, waɗanda ake saƙa sanannun bargunan Fulanin can da ulunsu, sai kuma na Kundum a bakin kogin Kwara cikin Nijar.

Idan za ki yi oda, ki bambanta iri biyu. Akwai wanda aka shiɓe, silinsa a hargitse ta kowace fuska. Shi ne ke curewa da sauri, kuma da shi ake cika ciki da ƙirji. Akwai kuma wanda aka taje ya zama doguwar igiya, silinsa duk suna kallon wuri guda. Shi ya fi daɗin naɗi a ƙafa. Mutane da yawa suna rububin ulun tumakin Merino saboda sunansa da laushinsa, amma silinsa siriri ne, galibi ƙasa da maikiron 24 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), yana cin lokaci kafin ya yi tauri kuma yana nuna ramin allura. A ganina Koridel, irin da aka samar a Niyu Zilan ta hanyar haɗa Merino da tumakin Linkon, ya fi dacewa da mai koyo, domin silinsa ya ɗan fi kauri kuma allura tana kama shi da wuri.

Abu ɗaya da na saɓa da Malama a kai shi ne kakin zuma. A watannin zafi irin Afrilu yana laushi ya shafi ulu mai haske, ya kuma cika haƙoran allura. Ni na fi son a naɗe wayar da zaren ɗinki na auduga, a matse, daga sama har ƙasa. Ulu yana kama zaren sosai kuma babu maiƙo.

Mai koyon sana'a ta dawo:

Na gode ƙwarai, Malama, na gode Alhaji. Na yi gwajin ashanar, kuma na jikin akuyar na tumaki ne, amma jan da na saya domin rufe sama ya narke ya dunƙule, don haka zan nemi wani. Ina da sauran tambayoyi biyu. Wayar alminiyam mai milimita 1 ba ta samuwa kusa da ni. Abin da ake samu shi ne jan ƙarfen da ke cikin wayar lantarki da kuma baƙar wayar da magina ke ɗaure rodi da ita. Shin ɗayansu zai yi? Sannan bayan an gama ƙafafu, ta yaya ake haɗa su da jiki ba tare da an ga inda suka haɗu ba, kuma da me ake yin ƙaho da kunnuwa?

Malama mai koyar da aikin hannu ta sake amsawa:

Maganar Alhaji a kan kaki gaskiya ce idan an cika shi, kuma zaren auduga hanya ce mai kyau wadda ba ta da wannan haɗari, sai dai tana ƙara wa ƙafa ɗan kauri, don haka ki rage naɗin ulu daidai da haka. Abin da zan hana ki shi ne gam mai bushewa ya yi tauri, domin allura ba ta ratsa shi, karyewa take yi.

Wayar magina kada ki kusance ta. Tana tsatsa da zarar damina ta kawo laima, tsatsar kuma tana fitowa ta ɓata ulu daga ciki, inda babu yadda za a yi a wanke. Jan ƙarfen wayar lantarki zai yi, kuma ga ƙaramar dabba ma yana tsayuwa da kyau saboda ya fi alminiyam ƙarfi da nauyi. Ki nemi mai sili ɗaya, ki feɗe robar, ki naɗe shi da zare gaba ɗaya domin shi ma yana iya yin kore idan ya daɗe cikin danshi. Da yake ya fi tauri, sili guda ya isa a ƙafa, sai a ninka a gadon baya kawai.

Haɗa ƙafa da jiki ba ya zama matsala idan tun farko ba a raba su ba. Bayan ƙafafu, ki naɗe gadon baya da wuya, sannan ki bi kafaɗa da ƙugu da ulu kina gicciyawa, daga saman baya ta tsakanin ƙafafu ki dawo ta ɗaya gefen, har mahaɗar ta ɓace. Ciki ba a naɗa shi duka, domin idan aka yi haka wayar za ta koma tsakiyar jiki, bayan akuyar ya yi tudu. Ki dunƙula ulun da aka shiɓe daban a kan soson da ake ɗora aiki a kai yayin caka, ki caka shi ya ɗan kama amma bai yi tauri ba, ki manna shi a ƙarƙashin wayar baya ki cake su tare. Cinya da kafaɗa ma haka ake yi, da 'yan faifan ulu masu sakakkun gefuna, domin sakakken gefe shi ne ke narkewa cikin jiki ba tare da barin layi ba. Ki tuna ulu yana raguwa sosai yayin da yake curewa, saboda haka abin da kika ɗora zai fi girman da kike nufi da farko. Ki ci gaba da caka har sai kin matsa cikin da yatsa kin ji bai lotsa ba sai kaɗan, kafin ki sa launi.

Jar akuyar Sakkwato gashinta gajere ne mai sheƙi a kwance, don haka ba kya buƙatar allurar nan mai juyayyun haƙora da ke fito da gashi waje. Ki shimfiɗa jan ulu siriri, ki bi shi da lamba 40 da caka marar zurfi kuma kusa da kusa, daga ƙarshe ki bi silin da suka tashi da ƙaramin almakashi. Idan kin gauraya ja mai duhu da ɗan ruwan ƙasa a hannu kafin ki shimfiɗa, launin zai fi kama da na dabbar fiye da ja guda. Kunnuwa ana yin su daban a kan soso, ana juya su akai-akai domin kada su manne, a bar gindinsu a sake domin a cusa shi cikin kai. Na wannan akuya gajeru ne kuma suna miƙewa gefe. Ƙahonta ma gajere ne mai komawa baya, kuma a wannan girma ulu mai duhu da aka murza aka caka har ya yi tauri ya isa ba tare da waya ba. Idan za ki yi ido da ulu, ki tuna baƙin idon akuya a kwance yake, ba zagayayye ba. Ki sa kariyar fata a babban yatsa da manuni lokacin aikin kunne da ƙaho, domin a nan allura ta fi samun hannu.

Wata uwa mai sana'ar 'yar tsana ta rubuta:

Yaya, ina da jan hankali biyu a kan abin da zai biyo bayan kammalawa. Dabbar da ke da waya a ciki ba ta dace da hannun ƙaramin yaro ba, musamman wanda bai kai shekara 3 ba, domin yawan lanƙwasa ƙafa yana karya wayar a ciki, guntun kuma yana iya hudowa, ga idon gilashi ko dutsen ado da zai iya ɓallewa ya shiga baki. Idan don wasan yara ake so, a yi dabbar a kwance da ƙafafu a naɗe a ƙarƙashinta, babu waya, idanun kuma na ulu.

Na biyu, na san wasu daga cikinmu za su yi tunanin hukuncin yin siffar abu mai rai. Malamai sun yi magana mai faɗi a kan haka, kuma da yawansu sun sauƙaƙa a kan kayan wasan yara bisa hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, wadda take da 'yan tsana har da doki mai fukafukai, yayin da suka tsananta a kan abin da ake girkewa domin ado. Ya kamata kowa ya kai wa malaminsa bayanin ainihin abin da yake yi da kuma dalilin yin sa, ya ji amsa daga gare shi.

Wajen ajiya kuma, babban abokin gabar ulun gaske shi ne asu. Ki adana ragowar ulunki da abin da kika gama a cikin roba mai murfi ko leda mai zif, a wuri marar danshi, ki riƙa dubawa lokaci-lokaci. Ƙurar hunturu tana shiga cikin silin ta zauna, kuma ba a wanke irin wannan aiki da ruwa da sabulu, domin zai ƙanƙance ya sauya siffa. Buroshi mai laushi ko hurawa da baki ya wadatar.